Darasin Dare a Kakuri

Bayan Magariba nakan wanke baƙin mai daga hannuna,
in rufe rumfar gyaran janareta,
in tura keke zuwa firamaren unguwa,
in zauna a bencin da aka yi wa ɗan shekara bakwai.
Gwiwoyina na gaisawa da haɓata.
Shekaruna hamsin da shida.

Malama Saratu Kure ta ja layi uku a allo:
mai aiki a gaba, aikin a tsakiya,
wanda aikin ya faɗa wa a ƙarshe.
Na ce, Malama, ai mu ma haka muke jerawa,
Tanimu ya ci tuwo,
ba a taɓa jin tuwo ya ci Tanimu ba.
Aji ya kwashe da dariya.
Ta ce, dakata, Baba, ba a kai kwana ba tukuna.

Ashe da gaskiyarta.
Akwai wata 'yar wutsiya, s,
in ni na yi aiki ba ta zuwa,
in mu ne ba ruwanta,
amma da an ce shi, ko ita,
sai ta maƙale a bayan aikatau
kamar kaska a kunnen kare.
Sau tara na manta da ita a shafi guda,
jan biro ya yi mini jina-jina.

Mu da ke da kai, da ke, da ku,
su ɗaya tal suka ajiye, you.
Da shi za ka kira jikarka,
da shi za ka kira surukinka,
da shi za ka tara jama'ar Kasuwar Barci kaf.
Na ce wannan harshe ba ya tuɓe takalmi
a ƙofar manya.

Abin da ya wuce, wai a ɗaura masa ed a ƙugu.
Na ji daɗi, na ce ga ƙa'ida ta zo.
Na ɗaura wa go.
Ta girgiza kai, ta rubuta went.
Daga wane gida kuma?
Ba su haɗa uwa ba, ba su haɗa uba ba.
Iliya mai faci ya raɗa mini daga baya:
ko a Turanci akwai 'ya'yan da ba sa jin magana.

Ran Laraba aka ɗauke wuta,
muka haska allo da wayoyi.
Ta rubuta kalma biyu, used to,
ta ce na abin da ka saba yi ne,
ka yi, ka yi, ka yi,
yanzu kuma babu.
Kowa ya kawo jimlarsa.

Tagar ajin tana kallon rufin masaƙa.
Ko a duhu na san inda kwanon ya ɓalle,
na san ƙofar da ciyawa ta cinye.
Shekara goma sha takwas jiniya tana tashe ni,
ina komawa gida da auduga a gemu,
Hansatu tana tsince ta tana mita,
Allah Ya jiƙanta.

Na danna fensir har ya kusa huda takarda:
I used to weave.

Malama ta sunkuya da hasken wayarta.
Ta karanta, ta sake karantawa.
Jan biron bai fito daga aljihu ba.
Ta ce, babu kuskure, Baba.
Jimlata ta farko ke nan da ta tsaya da ƙafarta,
ni kuwa maƙogwarona ya ɗaure
kamar zare ya sarƙe a bakin inji.

Da za mu tashi ta ce mako mai zuwa
za mu shiga abin da bai faru ba tukuna,
wai kalma ɗaya ce ke ɗauke da shi, will,
gajeriya, ba ta kai tsawon ƙusa ba.
Na ce in Allah Ya kai mu, zan zo da wuri.

A gida jikata Nusaiba ta karɓi littafin,
ta bi layi da yatsa, ta ɗago:
Kaka, ka sake mantawa da s.